Kwalin Lamba Sha Bakwai

Ƙauyen Gengjiagou,
9 ga watan goma na gargajiya, 1999

Zuwa ga yayata Fengzhi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mai gidanki Yaya Kang. Inna tana gaishe ki. Matata Xiuge ma tana gaishe ki, ta ce in tuna miki barkonon da ta daka miki yana nan yana jiran kwalbar da kika ce za ki aiko.

Sanyi ya sauko da wuri bana. Tun ba a gama haƙar dankali ba tari ya shigo gari, yanzu ɗakin shan maganina ya koma tashar mota. Benci cike, kowa da kwalbar ƙarin ruwa rataye a ƙusa bisa kansa, ana hira ana watsar min da ɓawon gyaɗa a ƙasa. Kin san mutanenmu. Ka ba mutum ƙwaya ya dube ka kamar ka zage shi. Ka ce ya je ya dafa ganye ya sha, ya ce ai kakarsa ma ta iya wannan. Sai ya ga an huda masa jijiya ruwa yana ɗiga, sannan ya yarda an yi masa magani. Kuma ba kowane ruwa ba, sai na ma'aikatar maganinku mai launin shayi. Abin da ke ba ni dariya, furen zinariya-da-azurfa da ke cikinsa su suka tsinko shi da hannunsu a bayan gari, haka 'ya'yan lianqiao da saiwar huangqin, motar ma'aikatarku ta zo ta kwashe. Ganye ya je birni an tace shi, an ɗura a 'yar kwalba, ya dawo yana yi musu yanga.

Shekaranjiya Tsoho Dou mai awara ya zo maƙogwaro a kumbure, magana ma da ƙyar. Amma kafin ya zauna sai da ya ce, "Na Biyu, nuna min takardar tukuna." Na buɗe kwali na zaro masa 'yar takardar nan mai jan hatimi: mai dubawa, lamba sha bakwai. Ya kai ta kusa da hanci, shi da bai iya karatu ba, ya ce, "Yawwa, ta Fengzhi ce. To, soka."

Haka nake fama duk farkon wata a siton magani na gunduma. In tsuguna gaban kwalaye ina buɗewa ɗaya bayan ɗaya ina neman lambarki. Mai sito ya ce, "Likita Geng, kai da kwalin allura sai ka ce mai zaɓen kankana." Na ce masa, ranar da ya samu yayar da ta shekara ashirin da shida gaban fitila tana duba kwalabe ba a taɓa dawo mata da kwalba ɗaya ba, shi ma ya zo mu tsuguna tare.

Ni dai kin hutar da ni. Littafin da aka koyar da mu ya ce kowace kwalba a ɗaga ta a haske a duba kafin a fasa mata wuya. Wanda ya rubuta littafin ba shi da yaya irin tawa. In na ga sha bakwai, fasawa kawai nake yi in zuƙe.

Af, akwai ƙararki da aka kawo min. Xiuge ta ce lokacin da kika zo bikin tsakiyar kaka, ita kika miƙa wa allurar ɗinki ta zura miki zare, wai kuma kin zuba wa Inna shayi rabi a kofi rabi a tebur. Na ce mata mai riƙe da takardar yabo ta Idon Zinariya ba ta ɓata idonta a kan zaren ƙauye. Takardar tana nan a bango inda Inna ta liƙa ta, duk baƙon da ya shigo sai an kai shi gabanta kafin a ba shi ruwa.

Inna ta fara ɗan tarin nan nata. Ina lura da ita. In bai sauka ba zuwa ƙarshen wata zan rataya mata kwalba biyu, dama tun yanzu ta fara tambayar ruwan Fengzhi.

Ki rubuto ki faɗa mana ko za ki zo Sabuwar Shekara. Ki huta lafiya.

Ƙaninki Shouye, wanda har gobe gari ke kira Na Biyu


Birni,
20 ga watan goma

Na Biyu,

Na samu wasiƙarka. Ina gaida Inna da kyau, ina gaida Xiuge. Mu ma lafiya, sai gajiya.

Tarin da ya cika bencinka ya cika na kowa, don haka an ninka mana aiki. Ƙarfe bakwai na safe muke shiga ɗakin duhu. Ka taɓa leƙa shi sau ɗaya ka ce ba za ka iya awa guda a ciki ba, gaskiyarka. Ba taga, ba agogo, kowa da fitilarta da allonta, rabi baƙi rabi fari. Ka ɗauki kwalba uku ta wuya tsakanin yatsu, ka kifa su, ka duba a baƙi, ka duba a fari, ka ajiye, ka ɗauki wasu. Ɓarɓashin gilashi yakan sauka da sauri yana walƙiya. Silin zare iyo yake yi. Baƙin ɗigo shi ne mugu, don yakan laɓe a wuyan kwalba. Masu duba farin ruwa suna hutawa. Namu na ganye duhu gare shi, sai ido ya shiga ciki ya nemo. Doka ta ce bayan awa biyu a fita a huta da ido. Tun watan tara ba wanda ya ƙara ambatar dokar.

Yanzu ka saurare ni, ban da wasa. Ka riƙa ɗaga kowace kwalba a taga. Kowace. Ko lambar wa ke cikin kwalin. Ka kifa ta a hankali, ka ƙirga uku, ka duba. Ni na koya maka wannan a tsakar gidanmu shekarar da ka fara aiki, ban koya maka don ka zo kana min alfahari ka daina ba.

An sake liƙa sunayen waɗanda za su sauka daga aiki, mutum arba'in wannan karon. Mutane sun tsaya gaban allon kamar masu duba sakamakon jarrabawa. Babu nawa. Yaya Kang tun saukarsa bara yana bakin titi da akwatin gyaran keke, sanyin nan ya fasa masa yatsu. Ni wata bakwai ya rage min in cika hamsin in yi ritaya da cikakken fansho. Ba na ƙirga komai yanzu sai wannan.

Maganar zare, na Xiuge kauri gare shi. Ka ce mata kwalbar barkono tana tafe.

Inna kuma, ka fara da dafa mata furen ta sha da ɗumi. Ba kowane tari ke buƙatar jijiya ba.

Yayarka,
Fengzhi


Gengjiagou,
6 ga watan sha ɗaya

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Duk muna lafiya, sai Inna da tarin ya ƙi sakinta.

Da na buɗe wasiƙarki na ɗauka wani ɗan aji ɗaya kika ba alƙalami. Harafi ɗaya kamar ƙwan kaza, takarda uku a kan maganar da da kike yi a rabin shafi. Na karanta wa Inna, ta ce ai manya haka suke rubutu. Maganar ɗaga kwalba kuwa dariya na yi. Na ce in duba bayan Geng Fengzhi? Sai ka ce in ɗanɗana gishiri in ji ko da gishiri.

To amma ga abin da ya sa na rubuto da wuri. Ranar kasuwa jama'a sun yi yawa, Xiuge ta shigo taya ni. Kin san ta, ita ko ƙwai za ta fasa sai ta ɗaga shi a rana. Ina can ina neman jijiya a hannun matar Sun, sai na ji ta ce, "Baban yara, zo ka ga." Ta riƙe kwalba ɗaya a taga. Na ce mene ne. Ta ce in kifa in gani. Na kifa. Wani abu ɗan mitsitsi ya taso daga wuya ya gangaro ƙasa, yana ɗan ƙyalli.

Na ce daga wane kwali. Ta nuna. Na ce ba zai yiwu ba, ta haɗa kwalayen ne. Ta ce, "Kwali ɗaya ne a buɗe a ɗakin nan, kuma kai ka tsuguna ka zaɓo shi." Na ce sanyi ne, ruwan ganye in ya sha sanyi yakan yi gudaji. Ta ce, "Gudajin ganye yana walƙiya ne a garinku?" Mun yi ta a gaban marasa lafiya har Tsoho Dou ya ce mu bari ruwansa ya ƙare tukuna sannan mu raba gida. Kwana biyu taliya ba gishiri nake ci.

Ni na san abin da ya faru. Ko dai wata ta ɗauki hatiminki ta buga a farantin kwalabenta, ko masu shirya kwali sun sa takardarki a kwalin wata. A irin ruɗanin da kika ce kuna ciki, komai zai faru. Shi ya sa na naɗe kwalbar a auduga na sa a gwangwanin shayi, ga ta nan tare da wasiƙar. Ki duba da idonki, ki faɗa min abin da ke ciki, ki kuma bincika wadda ke wasa da lambarki. Bai kamata a ɓata miki suna saura wata shida ba. Ki rubuto amsar yadda zan karanta wa Xiuge da ƙarfi, ina son in ga fuskarta.

Inna ta sha dafaffen fure kwana goma tana ɓata rai. Ta ce ta haifi likita ta haifi mai yin allura, amma ana ba ta ruwan ganye kamar akuya. Na ce mata ta ba ni mako guda. In amsarki ta iso, zan rataya mata.

Ki gaida Yaya Kang, ki ce ya riƙa shafa man alade a yatsun.

Ƙaninki,
Shouye


Birni,
17 ga watan sha ɗaya

Shouye,

Ina gaishe ku duka. Wannan kada ka karanta ta da ƙarfi. Ka zauna kai kaɗai.

Gwangwanin ya iso lafiya. Na tafi da shi wurin aiki, na jira aka fita cin abinci, na zauna a kujerata na kunna fitilata. Na kifa kwalbar a baƙi, na kifa a fari. Na yi haka ya fi sau ashirin. Ban ga komai ba, Shouye. Ruwa mai kyau na gani, mai launin shayi. Sai Pang ta shigo, wadda ke zama a damana shekara goma sha tara. Na miƙa mata kwalbar. Ko fitila ba ta kai ta ba ta ce, "Gilashi ne. Daga ina?" Na ce daga garinmu. Ta zauna ta rufe fuska da hannu.

Ba wadda ta taɓa hatimina. Ni na buga.

Tun bara da bazara abin ya fara. Kamar an hura min hayaƙi a idon hagu, daga baya dama ta bi. Na je wani asibiti can ƙarshen gari inda ba a san ni ba. Likita ya ce yanar ido ce ke tasowa, kuma bayan idon ma ya gaji, ko an cire yanar ba zai koma irin na da ba. Ya tambaye ni sana'ata. Na ce shara nake yi.

Za ka ce ya aka yi nake cin gwajin ido duk wata shida. Allon gwajin da ke ɗakin likitan ma'aikata tun zuwana shi ne, mai alamar nan mai ƙafa uku da ke kallon sama ko ƙasa, hagu ko dama. Na haddace shi tun ina gani. Layi na goma: dama, ƙasa, hagu, sama, hagu. Ko ka tashe ni daga barci zan karanto maka. Akwai gwaji na biyu, inda suke cusa kwalabe masu aibi cikin faranti su ga ko za ka kama. Nan Pang ke taɓa ni da gwiwa a ƙarƙashin tebur.

Kada ka zagi Pang. Abin da muke yi ke nan a ɗakin tun kafin ta zo. Goyo muke ce masa. Aikin nan yana cinye ido kafin shekaru su cika, kuma wadda idonta ya mutu da wuri, gida ake tura ta da abin da bai kai ya sayi kwal ɗin hunturu ba. To in ta kusa, sai sauran su goye ta. A ɗaura jan zare a hannun farantinta, lokacin cin abinci wata ta sake bi ta duba kafin a fitar. Ni na goyi Malama Lu, wadda ta koya min riƙon kwalba, wata goma sha ɗaya ina cin burodina a tsaye, kuma ko kwalba ɗaya mara kyau ba ta fita da lambarta ba. Da nawa ya zo ban roƙi kowa ba. Wata safiya na tarar da jan zare a farantina.

Shekara guda abin yana tafiya daidai. Sai aka ninka aiki a watan tara, lokacin cin abinci ya koma minti goma sha biyar, masu kwasar faranti suna tsaye a kanmu. Pang takan duba min uku cikin goma, wata rana biyu. Sauran haka suke fita. Na sani. Ina ji ana turo keken kwasa, in buga hatimi in ce a zuciyata mai yiwuwa babu komai a ciki. Yawanci babu ɗin. Da wannan nake kwana.

In na yi magana, za su janye duk kwalin sha bakwai, su sauke ni, su kuma tambayi yadda na ci gwaji. Pang 'ya'yanta biyu suna makaranta. In na yi shiru, wata shida ne. Na yi ta juya abin har na gaji da juyawa. Na gaji, Na Biyu. Idona yana zafi ko a rufe yake, kuma ina jin kunyarka.

Abin da nake roƙo: ka duba duk abin da ke hannunka, kai da Xiuge. Ka ba ta haƙuri, ita ke da gaskiya. Kada ka sa wa Inna ko ɗaya sai Xiuge ta duba da idonta. Sauran ka bar min, ka ba ni lokaci.

Yayarka


Gengjiagou,
2 ga watan sha biyu

Yaya Fengzhi,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu. Na karanta ni kaɗai kamar yadda kika ce. Daga baya na miƙa wa Xiuge, don ba zan iya faɗa da bakina ba. Ta karanta ta ninke, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta ce ma da ya fi min sauƙi.

Mun rufe ɗakin magani rabin yini muka tsaya a taga. Kwalba ɗari uku da arba'in, mun fitar da biyar. Biyu gilashi, biyu zare, ɗaya baƙin ɗigo a wuya, inda kika ce yana laɓewa. Na yi ta tunanin waɗanda na riga na fasa tun watan tara. Ba wanda ya faɗi, ba wanda ya dawo da wata ƙara. Amma yanzu in na haɗu da Tsoho Dou a hanya, sai na tsaya na dube shi har ya ce ko na ga fatalwa ne.

Nawa ɗakin mai sauƙi ne. Ga inda nawa laifin yake. Kin san taron likitocin ƙauyuka da muke yi duk wata. Shekara nawa ina cika musu kunne da ke. Ni na ce musu sha bakwai ba ta buƙatar taga. Ni na koya musu tsugunawa a sito. Ƙauye tara, Yaya, duk sun ɗauka. Kwalin wasu suna dubawa, naki ne kaɗai suke fasawa ido rufe. Bakina ne ya yi wannan.

Na ɗauki keke na zaga su cikin kwana uku, inda ƙanƙara ta rufe hanya na tura da ƙafa. Na ce musu umarni ne daga sama, kowace kwalba a ɗaga. Likita Shan na Liushuwan ya ce, "Har da sha bakwai?" Na ce har da ita. Ya yi dariya ya ce, "Kun yi faɗa da yayarka ke nan. Gado ne ko me?" Duk inda na je haka. Sun ce to, sun ba ni shayi, kuma na san ina juya baya za su koma yadda na koya musu. Ƙarya ba ta kama su, don gaskiyar da na shekara ina faɗa musu ta riga ta zauna.

A ɗakin Shan na tarar da wata yarinya 'yar shekara biyar a cinyar uwarta, zazzaɓi, an soka mata a bayan hannu. Kwalin yana kan tebur a buɗe, jar takardarki a sama. Na kwashi sauran na kai taga, duk lafiya lau. Amma biyun da ya riga ya zuba a kwalbar ƙarin ruwa, waɗannan ba mai iya sani. Na zauna a bencin har ruwan ya ƙare, awa ɗaya da rabi ina kallon ɗigo. Uwar ta ɗauka kirki ne, ta ba ni dafaffen ƙwai. Yarinyar ta tashi ta tafi gida da ƙafarta. Ni ne na kasa hawa keke, sai da na tura shi har gida.

Kuma waɗannan tara ne da na sani. Mai sito ya ce motarku har lardi uku take kaiwa.

Ba zan kai ƙararki ko'ina ba. Ke kika bar makaranta kika hau dutse tsinkar fure don ni in zauna a aji, ban manta ba. Ba kuma zan ce miki ga abin da za ki yi ba, ban taɓa ba, ban iya ba. Abu ɗaya dai: taron wannan watan ranar ashirin ne. In na tsaya gabansu, ko in faɗa musu dalili su yarda, ko in sake cewa umarni ne daga sama su yi dariya. Ban san wanne zan yi ba. Barci ya ƙaurace min, abinci ma sai Xiuge ta tsaya a kaina.

Inna da sauƙi, furen ya yi mata, ko da yake ba za ta yarda ba. Na ce mata ruwan Fengzhi ya ƙare a sito. Ta ce ai dole, kowa shi yake so. Jiya ta sa na goge ƙurar takardar yabonki saboda Sabuwar Shekara.

Ki kula da kanki.

Shouye


Birni,
14 ga watan sha biyu

Na Biyu,

Gaisuwa gare ku duka. Kada rubutun ya ba ka mamaki, Pang ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa.

Ranar Litinin na kai hatimin ofishin shugaban sashe na ajiye masa a tebur. Na ce idona ya mutu, a janye duk kwalin sha bakwai daga watan tara. Ya ce ya aka yi na ci gwaji. Na juya wa allon baya na karanto masa shi daga sama har ƙasa. Ya tambayi na faranti, na ce sa'a ce. Ya dube ni, sannan ya rubuta sa'a. Matarsa ma a ɗakin duhu ta yi aiki.

Sun sauke ni. Abin da za su riƙa ba ni kaɗan ne, Yaya Kang ya ce za mu ci. Takardar janyewa za ta iso sitonku cikin mako. Ranar ashirin ka tsaya gabansu ka faɗi sunana, kada ka ce daga sama. Lambar kuwa sun ba wata sabuwa 'yar shekara sha tara, idonta kamar na shaho. Duk da haka ku ɗaga.

Takardar bango ka bar wa Inna kayarta. Ni zan faɗa mata da kaina.

Zan taho ranar ashirin da uku, motar safe. Na wanke wa Xiuge kwalbar barkono. Ka zo tashar gunduma ka tarye ni. Kada ka tsaya daga nesa kana ɗaga hannu yadda ka saba, ba zan gan ka ba. Ka zo har bakin ƙofar motar ka kira sunana.

Yayarka,
Fengzhi

Ni Pang ina gaida likita. Jan zaren yana aljihun rigarta, ta ƙi ba ni. Ku riƙe mata hannu wajen sauka, matakalar motar tana da santsi.